Malam Halliru da Baƙin Saiwar Wake

Sunan da ka faɗa ɗin nan, shi ne. Ni dai ba za ka ji shi a bakina ba, don mijina ne. Malam nake ce masa yana raye, Malam nake ce masa yau da yake cikin ƙasa. Ni ce Baraka. Gyara zama, malamin gona, ka aje takardar nan taka, ba ta da abin da za ta gaya mini. Ka ce Nasara sun leƙa da madubi sun ga wasu 'yan halittu a cikin saiwar wake. To madalla, su yi ta leƙe. Malam bai taɓa sa su a ido ba har ya koma ga Allah, amma ya fi shekara talatin yana yi musu hidima, kuma kafin mu tabbata suna nan sai da abin ya ci mutum.

Mu asalinmu wani ƙauye ne arewa da nan, wajen Ƙonni. Gidansu Malam gidan karatu ne tun kakanni. Wansa, Malam Maharazu, shi ke riƙe da makaranta, mutum mai kwarjini wanda ko tari ya yi sai zaure ya yi tsit. Malam ma ya yi karatu, kada ka ɗauka jahili na aura. Ya sauke, ya shiga littattafai. Sai dai Allah ya ɗora masa wata jaraba, idonsa kullum yana ƙasa.

Ka san idan an tuge wake akwai wasu 'yan ƙuraje manne da saiwar, kamar ƙwayar dawa. Kowa ya san su, kowa kuma cuta yake ce musu. Malam tun yana saurayi ya lura waken da ya fi ƙurajen nan shi ya fi ganye shar, shi ya fi 'ya'ya. Ya ce, wace irin cuta ce wagga mai sa mai ita ƙiba? Daga nan ya fara yawo da aska a aljihu. Ya fasa ƙurjin lafiyayyen wake, ya ga cikinsa ja kamar nama. Ya fasa na wanda ya ƙanjame, ya ga fari fat. Ya kuma lura inda wake mai jan ƙurji ya zauna bana, geron baɗi a wurin sai ya zarce na kusa da shi. Alluna uku yake da su waɗanda ba a rubuta karatu a kansu, sai zanen gonaki da ɗigo-ɗigo na tawada, kowane ɗigo gindin wake ne da ya tona.

Wansa ba ya son abin ko kaɗan. Yakan ce, "Ɗan'uwa, mutane na neman sanin lahira, kai kana tonon ƙasa kamar gafiya?" Gari kuwa sunka laƙaba masa Malam Mai-saiwa, kuma ba don girmamawa ba. Ni kaina na sha yi masa tsiya. In wanke riga tas, in shanya, in ninke, la'asar ya dawo da aljihu cike da turɓaya. Sai ya yi murmushi ya ce, "Yi haƙuri, Baraka." Mutum ne wanda ba ka iya faɗa da shi, don ba ya ramawa, sai ka ƙare kana jin kunyar kanka.

Da Nasara sunka raba ƙasa sunka kakkafa turakun iyaka, ƙauyenmu ya faɗa wajen Faransawa. Can kuwa aikin dole ya hana mutane numfashi. Yau a kwashi maza gyaran hanya, gobe ɗaukar kaya, wani ya dawo, wani shiru. Bayan babbar yunwar nan da shekara guda, gida arba'in munka yanke mu ƙetaro Illela. Mai gari ya karɓe mu, amma gonakin kirki duk suna da masu su. Abin da ya rage shi ne wani fili a kan hanyar Lafani da ake kira Fako, ƙasa ce da ruwa ya wanke ta har ta koma kamar daɓe, ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito. Ya ce ga shi nan, in mun iya.

Maza sunka tsaya suna kallon Fako. Sarkin nomanmu, Yari, dattijo mai faɗa a ji wanda ya gama sanin noma, ya kafta fartanya ta yi tsalle. Ya ce, "Wanga wuri ba ya ci da mutum." Malam ne ya ce yana ci. Ya ce a ba shi damina uku, a haɗa wake da gero, wake zai tada ƙasar. Kan maganarsa mutane sunka sauke kaya. Ka riƙe wannan da kyau: in Fako ya ƙi, ba mu da wani wuri sai komawa hannun da munka gudo.

Akwai al'adar da iyayenmu ke yi. Mai barin gona yakan ɗebi ƙasarta damƙi guda ya watsa a sabuwa, don albarka ta biyo shi. Kowa damƙi ya ƙulla a tsumma. Malam fa? Mangala biyu cur ya ɗora wa jakinmu daga gonar waken mahaifinsa. Turmina anka bari don ƙasa ta sami wuri, da tukunyar da uwata ta ba ni. Wallahi tun daga ƙauyenmu har Illela ban ce masa uffan ba. Da munka isa ya juye ta cikin randa biyu, ya aje a inuwa bayan ɗaki, yana yayyafa mata ruwa kamar mai jinya.

Damina ta fari anka shuka. Wake ya fito rawaya, ya tsaya nan ba gaba ba baya. Malam ya bi gona-gona yana tugewa, saiwa sumul kamar zare, babu ƙurji ko ɗaya. Sai a kusurwar kowace gona, daidai inda mai ita ya watsa damƙin albarkarsa, nan kaɗai yake samun gindi biyu ko uku masu ganye shar, saiwarsu cike da ƙuraje. Ya dawo gida da sauri. Ya ce, "Baraka, abin yana cikin ƙasar gida. Ban san ko mi ne ba, amma yana ciki." Shekarar nan da ƙyar munka kai, da ganye da aikatau a gonakin mutanen gari. Yari ya ce a koma. Malam ya roƙa a ƙara damina guda, ya ce wannan karon kowa zai sami rabonsa daga randunan nan, a zuba kaɗan a kowane ramin shuka. Yari ya yarda, don yana ganin girmansa.

To, ga inda na shigo, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

Da rani matar Abu ta haihu. Abu shi ne ɗan Yari, namiji guda da Allah ya ba shi, mai raha, mai son mutane. Za a yi suna, ba dabba ba hatsi, sai gyaɗa ƙwarya guda da wani ya ba su. Anka kawo mini in soya, don duk unguwar an san hannuna a suyar gyaɗa. Kai ma ka san ba a suyar gyaɗa sai da yashi a kasko. Ina zan ga yashi a Fako? Tsakuwa ce da laka, rafi kuwa nisa, ga rana. Na zaga bayan ɗaki na buɗe randa, ga ƙasar gida lallausa, jigawa mai kyau. Malam ya tafi Tozai duba gonar wani. Na ce mi zai same ta? Ƙasa ce fa. Na kwashe ta randar hagu duka, na shanya, na yi ta suya kasko bayan kasko tun hantsi har azahar, ina sabunta ta don kada gyaɗa ta yi baƙi. Da na gama na tankaɗe ta da rariya, na mayar randa, na yayyafa ruwa. Ko ludayi guda bai ɓata ba. Har daɗi na ji don na yi dabara.

Da ruwa ya sauka Malam ya raba. Randar dama ta tafi gidajen gabas, inda muke mu da danginsa. Randar hagu ta tafi gidajen yamma, wajen Yari da mutanensa. Ba zaɓa ya yi ba, wadda ke kusa da kowa ya miƙa masa.

Kwana arba'in da shuka ko makaho ya san akwai magana. Gabas ta yi kore, wake ya yaɗu ya rufe ƙasa. Yamma rawaya, irin ta bara. Malam ya rasa inda zai sa kansa. Ya tuge ya duba, ya shinshina ƙasa, ya ɗanɗana, ya koma kan allunansa. Iri ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya anka shuka. Ni kuwa a lokacin ko a raina ban haɗa abin da gyaɗa ba, Allah shi ne shaida. Sai da na ji yana cewa, "Randa biyu ne kaɗai bambancin," sannan na tuna da suyar gyaɗa. Ban gaya masa ba. Na ce bari dai a ga kaka, wataƙila ta gyaru.

Ba ta gyaru ba. Mutanen yamma sunka ce Malam ya ba danginsa mai rai ya ba su matacciya. Yari ya zo ƙofar gidanmu da rana tsaka, ya ƙi zama a tabarma. Ya ce, "Malam, na bi maganarka damina biyu. Mi munka yi maka?" Malam ya rantse bai bambanta ba. Yari ya ce, "To gona ta ƙaryata ka." Ina bayan zana ina ji, hannuna a baki.

Gabas ta raba abin da ta samu, amma wake na gida ashirin ba ya riƙe gida arba'in. Bayan kaka gida goma sha ɗaya daga yamma sunka ɗaure kaya sunka koma. Abu yana cikinsu. Ya bar matarsa da jaririn wurin uban, ya ce zai noma tsohuwar gonarsu ya riƙa aiko da hatsi. A lokacin Nasara na yaƙi da junansu can ƙasarsu, Faransawa na kwasar samari. Wata biyu da komawarsa anka kama shi tare da wasu shida. An ce an gan su ɗaure da igiya sun yi yamma. Labarinsa na ƙarshe ke nan.

Ranar da labarin ya iso na kasa tashi daga gindin murhu. Malam ya shigo da la'asar, na durƙusa na gaya masa komi, tun daga buɗe randa har tankaɗe. Ina so ya zage ni. Ina so ya ɗaga hannu, ko ya ce in tafi gidanmu. Bai yi ko ɗaya ba. Sannan ya ce, "Ta daɗe a wuta?"

Na ce, "Tun hantsi har azahar."

"Duka?"

"Duka, Malam."

Ya zauna a ƙasa daɓas. Hawaye na bin gemunsa, amma na ga idonsa ya yi wani irin haske, kuma wallahi na tsani hasken nan a ranar. Ya ce, "Wuta ba ta ƙone albarka, Baraka. Ƙasa kuma ko an soya ta ƙasa ce. Abin da wuta ta kashe a randar nan, rai gare shi." Na ce, haba Malam, ɗan mutane ya tafi, kai kana zancen ƙasa? Ya ce, "Na sani. Shekara ashirin ina neman amsar nan, kuma da na san da Abu za a saye ta, da na zaɓi in mutu ban sani ba." Sannan ya ce kada in gaya wa kowa. Ya ce mata za su hana ni ruwan rijiya, shi kuwa an riga an saba zaginsa. Washegari ya je ya gaya wa maza cewa randar hagu ta lalace a hannunsa, sakacinsa ne. Na bar shi ya ɗauka. Tir da ni, na bar shi.

Bai tsaya kan maganata kaɗai ba, ba halinsa ba ne. Ya samo ƙore goma, ya cika su da ƙasar Fako. Biyar ya barbaɗa musu ƙasar gabas yadda take, biyar ya barbaɗa musu wadda ya soya da hannunsa. Ya shuka wake, yana ban ruwa da buta. Sau uku ya maimaita a rani guda, sau uku amsa ɗaya. Ya kai ƙoren zauren wansa ya zazzage a gaban malamai. Malam Maharazu ya juya saiwoyin a tafinsa, ya daɗe, ya ce bai ga abin da ya saɓa wa addini ba, halittun Allah ba su da iyaka. Amma ya ce zaurensa na karatu ne, a je da ƙasa waje.

Sai Malam ya mai da gindin wata tsamiya a bakin kasuwar Illela makarantarsa. Kowace ranar kasuwa yana nan da ƙorensa da askarsa. Da yake garin fatake ne, da abin da sunka sani yake yi musu bayani. Yakan ce, "Kun ga yadda falke ke sauka gidan mai masauki, a ba shi ɗaki da tuwo, shi kuma ya kawo wa gidan alheri? Haka abin yake. Wake ne mai masauki. Waɗannan da kuke ce wa ƙuraje ɗakunan baƙi ne. In kun fasa kun ga ja, baƙo na ciki yana aiki. In fari ne, ɗaki ne ba kowa." Wani ya ce, "To Malam, nuna mana baƙon." Ya ce, "Ban taɓa ganinsa ba. Amma na san abin da ke kashe shi, na san abin da yake so."

Abin da yake koyarwa ba shi da yawa, amma ya sha wuya kafin a ji. A daina tuge harawa da saiwarta, a yanke ta da lauje a bar gindi a ƙasa. A daina cinna wa gonar wake wuta. Mai buɗe sabuwar gona ya ɗebo ƙasa daga tsohuwar gonar wake da sanyin safiya, a rufe, kada ta sha rana. Masu dabbobi sunka yi ta gunaguni, don harawa mai saiwa ta fi cika dami. Sannu a hankali dai anka fara zuwa daga Kalmalo, daga Tozai, har daga ƙetaren iyaka, kowa da ɗan ƙunshinsa yana neman ƙasar Malam. Bai taɓa hana kowa ba. Gabashin Fako kuwa ya koma gona sosai, gero har ya fi mutum tsawo.

Yamma ce ta ƙi. Ba ƙasar ta ƙi ba, Yari ne. Ya rantse ƙasar da ta fito hannun Malam ba ta ƙara taɓa gonarsa, kuma gida taran da sunka rage a yamma ba mai tsallake maganarsa. Shekara tara suna fama da tsakuwa, suna aikatau, suna kallon gabas ta kan shinge. Malam ya aika dattawa, ya aika liman, ya je da kansa sau ba adadi. Yari ya ce, "Wanda ya ba ni matacciya sau ɗaya, mi zai hana shi ƙarawa?" Ko kasuwa anka haɗu sai ya kau da kai.

A cikin shekarun nan idon Malam ya fara hazo, har ya rufe gaba ɗaya. Da yatsa yake lalubar saiwa ya ƙirga ɗakuna, amma launi sai ni. In fasa da farce in ce ja, ko in ce fari. Haka na zama idonsa, ni da na fi kowa tsanar turɓaya a aljihu. Ƙirjinsa kuma ya kama, tari ba dare ba rana. A bazarar shekara ta goma munka ji mutanen yamma sun gaji, sun ce in daminar nan ta ƙi za su koma, da Yari da jikansa da kowa. Malam ya kasa cin abinci. Ya ce, "Ni na ce musu su sauke kaya." Na ce bari in je in faɗa. Ya ce a'a. Na sake cewa, ya ce, "Baraka, ban taɓa hana ki abu da ƙarfi ba. Wannan na hana."

Shekara talatin da biyu da aurenmu ban taɓa fita ba sai da izninsa. Ranar na fita. Ruwan fari ya sauka, ana shirin shuka. Na ɗebi ƙasa a ƙwarya daga gonarmu, na rufe da faifai, na yafa zane na nufi yamma. Na tarar da Yari a bakin gonarsa yana gyara ƙotar sungumi. Ya tsufa ƙwarai, wuyansa duk jijiya. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Ya dubi ƙwaryar ya ce, "In shi ya aiko ki, koma."

Na ce, "Bai aiko ni ba, Baba Yari. Bai ma san na fito ba. Ƙasar da anka ba ku shekarar nan, ni na kashe ta."

Na faɗa masa duka, ban rage ba ban ƙara ba. Na faɗa masa Malam bai sani ba sai bayan an kama Abu, kuma shi ya hana ni magana. Ban yi kuka ba, don ban ga ina da hakkin yin kuka a gabansa ba.

Ya aje sungumin a hankali. Ya ce, "Gyaɗar suna."

Na ce, "Ita."

Ya ce, "Na ci gyaɗar nan. Abu ne ya ɓare mini da hannunsa. Har na ce wadda ta soya Allah shi yi mata albarka."

Can ya ce, "Shekara tara ina zagin bawan Allah a banza." Ya nuna ƙwaryar da haɓa. "Wagga ta ga wuta?" Na ce ba ta gani ba. Ya ce in aje in tafi.

Da na dawo Malam ya ji tafiyata ya ce, "Kin je." Na ce na je. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ya karɓa?" Na ce ya karɓa. Ya jingina da bango ya ce alhamdulillahi, sannan ya ce, "Allah shi sauƙaƙa miki abin da zai biyo baya." Ya kuwa biyo. Kafin azahar labari ya gama unguwa. Matan yamma sunka daina amsa gaisuwata, matar Abu ta tofar da yawu da ta gan ni a rijiya. Ban ga laifinsu ba. Amma washegari gida tara sunka aiko da ƙore, anka ɗebi ƙasa da sanyin safiya yadda Malam ke cewa.

Kullum yana tambaya kwana nawa da shuka. Ya san sai an kai wata guda da 'yan kwanaki ɗakunan ke nuna. Yana ƙirgawa da yatsu a kan tabarma, yana tari. Yari bai zo ba, kunya ta riƙe shi, an ce sau biyu yana kaiwa bakin shingenmu yana juyawa. A kwana na ashirin da shida, ranar Laraba da hantsi, Malam ya cika. Wansa ya yi masa salla. Mutanen da sunka zo daga ƙauyuka sun fi waɗanda ke cikin gari yawa, wasu da fartanyarsu a kafaɗa, daga gona sunka ji. Yari na cikin waɗanda sunka ɗauki makara. Na yi kuka ranar kamar raina zai fita, don mutumin kirki ne, kuma ni na sa ya ƙare rayuwarsa da baƙin jini a rabin unguwarsa.

Ina cikin takaba, kwana goma sha biyu da rasuwa, wata tsohuwa mai taya ni zama ta shigo da gindin wake a hannu, da ƙasarsa da komi. Ta ce Yari ne a ƙofar gida. Ya ce daga tsakiyar gonarsa ya tugo, idonsa ba ya rarrabe launi sosai, kuma an ce ni ke duba wa Malam. Ganyen kore shar. Saiwar kuwa ɗakuna sun yi mata caɓa-caɓa. Na fasa ɗaya, na fasa biyu, na fasa har bakwai. Na ce ta gaya masa ja ne, duka ja ne. Na ce kuma ta gaya masa ina roƙonsa don girman Allah ya yafe mini.

Ta fita, ta jima, ta dawo ta zauna ba ta dube ni ba. Sai da na matsa mata. Ta ce ya ce ya ji, yamma ba mai tashi, a sauke kayan da anka ɗaure. Ya ce shi ne ke neman gafarar Malam, kuma zai je kabarinsa ya faɗa da bakinsa.

Na ce, "Ni fa?"

Ta ce, "Ya ce ke ki bari sai Abu ya dawo."

Yari ya ƙara shekara huɗu a duniya, ya ci geron gonarsa, bai sake magana a kaina ba. Yau yamma ta fi gabas gidaje. Ni kuwa shekara ashirin da shida ke nan, duk baƙon da ya ƙetaro daga arewa sai na aika a tambayo mini labarin Abu.